Majhuli a Harsuna Uku: Tarihin Wata Matsala Daga Zahir Zuwa Ƙasar Hausa

Duk wanda ya zauna a Makka, ko da na shekara guda ne, ya san Zahir, unguwar nan da ke arewa maso yamma da Harami, inda asibitin Sarki Abdul'aziz yake, inda kuma Jami'ar Ummul Ƙura ta daɗe da ajiye harabar ɗalibanta mata. Tsofaffin littattafan tarihi da sunan Fakhkhu suka san wannan kwari. A nan ne aka gwabza yaƙi a shekarar 169 bayan Hijira, wato 786 Miladiyya, tsakanin rundunar Abbasiyawa da Husaini ɗan Aliyu, wani daga zuriyar Sayyidina Hasan. Aka kashe Husaini, amma Idrisu ɗan Abdullahi ya tsira, ya nausa yamma har Maroko, ya kafa daular da ta gina birnin Fas. Kimanin shekara ɗari biyar bayan haka, a Fas ɗin nan aka haifi Ibn Ajurum, wanda ya rasu a 1323, mai ɗan ƙaramin littafin nahawun da ake kira Ajurumiyya. Masu ba da tarihinsa suna cewa a Makka ya rubuta shi. Daga nan littafin ya bi ayarin fatake da alhazai ya tsallake Sahara, har ya zama shi ne ƙofar shiga nahawu a zaurukan Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Maraɗi.

A cikin Ajurumiyya akwai babi guda a kan mafa'ulin da ba a ambaci mai aikinsa ba, wanda Ibn Malik mai Alfiyya, da ya rasu a 1274, ya kira na'ibul fa'ili. Wato kenan ɗalibin ilimi a ƙasar Hausa ya yi ƙarnoni yana karanta fi'ili majhuli, yana juya kataba ta koma kutiba, daraba ta koma duriba, tun kafin wani Bature ya kafa allo a Nasarawa. To amma ga abin mamaki: jikan wannan ɗalibi, ko jikanyarsa, idan ya zo Zahir ko Abidiyya aka ce ya rubuta taƙaitaccen bayanin bincikensa da Turanci, ko ya tsinci kansa a ajin likitanci ko injiniyanci inda Turanci ne harshen koyarwa, majhulin Turanci, wanda malamai ke kira fasif, yana cikin abubuwan ƙarshe da ke zauna masa daidai. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, 'yan'uwa ɗalibai. Da shi ake rubuta rahoton ɗakin gwaje-gwaje, da shi ake rubuta babin hanyoyin bincike, kuma mai duba takarda a gida Nijeriya yana iya yanke wa mutum hukuncin "ɗan Arabiyya ne, ba ya jin Turanci" saboda jumla biyu kacal da suka karkace.

Abin da muka gada

Sau da yawa za ka ji malamin Turanci ya ce Hausa ba ta da majhuli. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma a gurguje aka faɗe ta. Bahaushe yana da hanyoyi har uku na ba da labarin aiki ba tare da ya ambaci wanda ya yi shi ba, sai dai babu ɗaya daga ciki da ta yi daidai da ta Turanci ƙafa da ƙafa.

Ta farko, kuma mafi yawa a bakinmu, ita ce lamirin nan na "an" da danginsa: ana, aka, za a, akan. An kama Audu. Ana gina masallaci. Za a rufe ƙofa. Abin lura a nan shi ne Audu bai motsa daga gurbinsa ba. Karɓau ne tun farko, karɓau ne har yanzu, shi ya sa muke cewa "an kama shi". Bature kuwa sai ya ɗauko Audu ya kai shi farkon jumla ya ba shi kujerar aikau, ya ce "he was arrested". Balarabe ma haka yake yi ta hanyarsa, yana ɗora wa mafa'uli rufu'ar fa'ili, shi ya sa aka kira shi na'ibi. Saboda haka wanda ya karanta Ajurumiyya da kyau ya riga ya fahimci rabin sirrin majhulin Turanci, ko da kuwa ba wanda ya taɓa gaya masa haka. Bugu da ƙari, "an" tana shiga inda majhulin Turanci ba ya shiga ko kusa. Muna cewa an zo, an tafi, ana barci, an yi ruwa. Babu karɓau da za a ɗaga a "an zo", don haka babu majhuli a Turancinsa.

Hanya ta biyu ita ce aikatau masu ƙarewa da wasalin u, waɗanda F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya sa wa suna giredi na bakwai a tsarin da ya fitar a 1960: dafu, gyaru, ɗauru, sayu. A nan kam karɓau ya koma gaba, nama ya dafu, mota ta gyaru. Sai dai ma'anar ta ɗara ta majhuli. "Nama ya dafu" yana nufin ya dafu sarai, "motar ba ta gyaruwa" kuma yana nufin ba mai iya gyara ta. Philip Jaggar ya yi rubutu na musamman a kan wannan giredi a 1988, Paul Newman kuma ya faɗaɗa bayaninsa a babban nahawun Hausar da ya wallafa a 2000. Ta uku ita ce ta bayyana hali: ƙofa tana rufe, na same ta a buɗe. Turanci yana cusa duk waɗannan a riga ɗaya. "The door was closed" tana iya zama an rufe ƙofar, tana iya zama ƙofar tana rufe, sai mai sauraro ya duba abin da ke kewaye ya gane wanne ake nufi. A nan Hausa ta fi rarrabewa.

Turanci ya shigo aji

Makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa, kuma haka tsarin elementare ya ci gaba a Arewa shekaru da dama. Turanci sai a makarantar midil, sannan a Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, wadda ta yi suna wajen gyara lafazin ɗalibanta. A Hijaz ma tafiyar ba ta yi nisa da wannan ba. A Makka ne aka kafa makarantar shirya ɗaliban da za a tura ƙasashen waje a 1936, kuma ita ake ambata a matsayin inda aka soma koyar da Turanci a tsarin ilimin gwamnatin Saudiyya. Kulliyar Shari'a ta Makka, wadda daga cikinta Ummul Ƙura ta tsiro a 1981, an buɗe ta a 1949.

A duk wuraren nan biyu hanyar koyar da majhuli kusan ɗaya ce, kuma daga littattafan nahawun da aka tsara wa makarantun ƙasashen da Ingila ta mallaka ta fito, irin na J. C. Nesfield da na Wren da Martin a Indiya, da Brighter Grammar da yawancinmu muka riƙe a sakandare. Malami zai rubuta jumla a allo, kare ya ciji yaro, ya ce a juya ta. Sai ɗalibi ya ɗauko yaron ya kai gaba, ya sa "was", ya sa siffa ta uku ta aikatau, ya sa "by", ya jefa karen a baya. Jumla ashirin a rana, har a ci jarrabawa. A ganina wannan atisaye ya yi ɓarna kusan daidai da amfanin da ya yi. Ya koya wa ɗalibi yadda ake ƙera majhuli, bai koya masa dalilin da zai sa mutum mai hankali ya zaɓe shi ba. Ya kuma cusa masa cewa "by" ita ce ginshiƙin ginin, alhali babban nahawun Turanci da Randolph Quirk da abokansa suka fitar a 1985 ya ƙiyasta cewa kusan huɗu cikin kowane biyar na jumlolin majhuli ba sa ambaton mai aikin ko kaɗan. Ma'ana, mafi yawan majhulin Bature aikin "an" ɗinmu yake yi. Da an fara mana daga nan, da an rage mana wahala mai yawa.

Abin da masu bincike suka gano

A 1957 Robert Lado ya wallafa littafin da ya zama tushen wata mazhaba a koyar da harsuna. Ra'ayinsa mai sauƙi ne: ka jera harshen ɗalibi da harshen da yake koyo, inda suka yi kama zai samu sauƙi, inda suka saɓa zai yi kuskure. Bayan shekara goma, a 1967, Pit Corder na Jami'ar Edinbara ya ce a daina duban kuskure kamar cuta, domin taga ce da ake hango tsarin da ɗalibi ke ginawa a kansa. Larry Selinker ya ƙara a 1972 cewa ɗalibi yana da wani harshe na tsaka-tsaki mai dokokin kansa. Sai masu bincike suka duƙufa ƙirga kurakurai, har Jacqueline Schachter ta taka musu birki a 1974. Ta lura cewa ɗaliban Sin da Japan ba sa yawan kuskure a wani nau'in jumla kamar yadda Larabawa da Farisawa ke yi, ba don sun fi iyawa ba, sai don kauce wa jumlar suke yi gaba ɗaya. Wanda bai hau doki ba ai ba za a ga faɗuwarsa ba.

Wannan ne ya kai mu ga binciken da ya fi kusa da mu. A 1977 Howard Kleinmann ya gwada manyan ɗalibai masu jin Larabci da masu jin Sifaniyanci da Fotugis da ke koyon Turanci. Ya fara tabbatar da cewa dukkansu suna fahimtar majhuli idan sun ji shi, sannan ya sa su cikin yanayin da Bature zai amsa da majhuli. Masu jin Larabci suka riƙa zagayewa suna amsawa da jumla mai aikau, fiye da yadda ɗaya rukunin ya yi. Sun san abin, amma ba su amince da kansu a kai ba. Ya kuma gano cewa ƙarfin gwiwar ɗalibi yana da hannu wajen ko zai gwada ko zai kauce.

Mu 'yan Nijeriya muna da namu salon kaucewar, kuma ya riga ya zauna a Turancin ƙasar har ba ma jin sa a matsayin baƙo. "They have stolen my phone", "they have taken light", "they are calling you". Su wa? Ba kowa. "An" ce aka sa wa rigar "they": an sace mini waya, an ɗauke wuta, ana kiranka. Turancin buroka ma da "dem" yake wannan aiki, ba shi da majhuli irin na Ingila. A hira babu laifi, kowa ya gane. A cikin kundin digiri kuwa, idan ka rubuta "they heated the sample", mai dubawa zai ja layi ya tambaye ka su waye.

Akwai kuma kuskuren da ke zuwa daga baya, kuma shi ya fi ban sha'awa, domin ba ɗan koyo yake kamawa ba, wanda ya yi nisa yake kamawa. Ɗalibi ya ƙware a majhuli, sai ya fara sa shi inda ba ya shiga: "the accident was happened", "my grandfather was died", "the problem was occurred". Helmut Zobl ya yi nazarin wannan a 1989, Virginia Yip ta bi shi a kan ɗaliban Sin a 1995, Hiroyuki Oshita kuma a 2000 ya same shi a rubutun 'yan Italiya da masu jin Sifaniyanci da 'yan Japan da Koriya. Abin da suka lura da shi shi ne kuskuren ba ya faɗa wa kowane aikatau ƙi-karɓau. Da wuya ka ji wani ya ce "he was laughed" yana nufin ya yi dariya. Aikatan da ke jawo shi su ne waɗanda aikau ɗinsu ba shi ya yi aikin ba, aikin ne ya same shi: mutuwa, faruwa, ɓacewa, faɗuwa. Ƙwaƙwalwar ɗalibi ta gane cewa mamaci ba shi ya aikata mutuwar ba, sai ta ba shi alamar wanda aka yi wa aiki. Min Kyong Ju ta ƙara a 2000 cewa kuskuren yana ƙaruwa idan labarin ya nuna akwai wani sanadi daga waje da za a iya ɗora wa abin.

Yanzu dubi Bahaushe mai Larabci a gaban wannan rami. "Faru" da "auku" da "rasu" duk giredi na bakwai ne, siffarsu ɗaya da dafu da gyaru: faru daga fara, rasu daga rasa. Idan ya waiwaya ga Larabci kuma, kalmar da ya saba gani a kowane tarihin malami, tuwuffiya, majhuli ce tsantsa. Hatsari kuwa "an yi" shi muke cewa. Harsunansa biyu duka suna tura shi zuwa "was died" da "was happened", kan abin da ke tura ɗan Koriya da ɗan Italiya. Wannan kwatance nawa ne, daga duban siffofin kalmomin, amma ina ganin duk wanda ya gyara rubutun ƙannensa a ɗakin kwanan ɗalibai zai gane abin da nake nufi.

Abin daɗin shi ne Hausar da ta tura ka ramin ita ce za ta fid da kai. Ɗauki "ƙara" da "ƙaru". Farashi ya ƙaru, wannan shi ne "the price increased". An ƙara farashi, wannan shi ne "the price was increased", wato akwai wani hannu da ya ƙara, ko ba a faɗi sunansa ba. Haka rage da ragu, tara da taru, haka "an fasa gilashi" da "gilashi ya fashe". Kafin ka rubuta "was", ka mai da jumlar Hausa. Idan ta karɓi "an" kuma akwai abin da aka yi wa aikin yana biye da aikatau ɗin, majhuli ya halatta. Ba a cewa "an faru hatsarin", ba a cewa "an mutu kakana", to haka Turancinsu ma ba ya karɓa. Gwajin ba ya aiki ɗari bisa ɗari, musamman a jumlolin "an yi" irin su an yi ruwa, an yi rasuwa, amma yana tare mafi yawan ɓarnar.

Saura "by", wadda ta wahalar da masu fassara a harsunan biyu. Nahawun Larabci na asali bai yarda a ɓoye fa'ili sannan a dawo a ambace shi a jumla ɗaya ba, sunan ma majhuli ne. Amma da jaridun Masar da Sham suka shiga fassara labarai daga Faransanci da Turanci, sai "min ƙibali" ta samu gindin zama, tare da "tamma" da ake haɗawa da masdari, kuma a yau da wuya ka buɗe jaridar Saudiyya ba ka ci karo da su ba. Hausa ba ta miƙa wuya haka ba. Salon da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shimfiɗa tun 1939 ƙarƙashin Abubakar Imam, da wanda Sashen Hausa na BBC ya bi tun 1957, shi ne a mai da mai aiki gaba: 'yan sanda sun kama shi, ko 'yan sanda ne suka kama shi. Wanda ya yi gangancin fassara "by" da "da" ya ce "an kama shi da 'yan sanda", to ya tura 'yan sandan ma kurkuku tare da ɓarawon. Akwai kuma matsalar fahimta, wadda Bill VanPatten ya bayyana: mai koyo yakan ɗauki sunan farko da ya ji a jumla a matsayin mai aiki. Ka ce masa "Audu was beaten by Bala" da sauri, sai ya tausaya wa Bala.

Me ya sa ginin ke jinkirin zama? Wani ɓangare na amsar daga Afirka ya fito. An daɗe ana ganin yaran Turawa kansu ba sa mallakar majhuli sosai sai sun kai shekara huɗu ko biyar ko fiye, har wasu masana suka ce ƙwaƙwalwa ce ba ta nuna ba kafin nan. Sai Katherine Demuth ta nuna a 1989 cewa yaran Lesoto masu jin Sesoto suna amfani da shi tun kafin su cika shekara uku, saboda a harshensu majhuli yana cikin maganar yau da kullum, da shi uwa ke tambayar yaro wa ya yi masa abu. Yawan ji ne ya kawo bambancin. A Turanci kuwa, ƙididdigar da Douglas Biber da abokansa suka fitar a 1999 ta nuna majhuli yana ɗaukar kusan kashi 25 cikin ɗari na aikatau a rubutun ilimi, amma kimanin kashi 2 kacal a hira. Ɗalibin da Turancinsa na hira da fina-finai ne zai iya shekara yana surutu kamar ɗan Landan bai ji majhulin da zai ishe shi rubuta shafi ɗaya na rahoto ba. Saudiyya ta sauko da darasin Turanci zuwa ajin farko na firamare a 2021, amma wannan tazara tsakanin harshen baki da na takarda ba a aji ɗaya ake cike ta ba, sai da karanta irin rubutun da mutum yake son ya yi.

Turawan ma ba su gama daidaitawa a kan abin ba. Siffar "the house is being built", wadda mu muke faɗa cikin sauƙi da "ana gina gidan", sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta bayyana a rubutunsu, kuma masu nahawun ƙarni na 19 sun yi ta la'antarta a matsayin ɓata harshe. A 1946 George Orwell ya shawarci marubuta su guji majhuli duk inda za su iya, a cikin maƙalar da ita kanta take cike da shi, abin da Geoffrey Pullum ya yi wa raddi mai zafi a 2014. Mujallar kimiyya ta Nature tana gaya wa masu aiko mata da rubutu cewa ta fi son a ce "mun yi gwaji" a kan "an yi gwaji", alhali akwai sassan jami'o'i da yawa, a Nijeriya da Saudiyya, inda mai duba kundi zai soke "I" ko "we" duk inda ya gan su. Don haka kafin ka fara babi na uku, ka ɗauko kundi biyu ko uku da sashenku ya amince da su a 'yan shekarun nan, da mujallar da kake fatan aika wa maƙala, ka ƙirga da fensir yadda suka rubuta hanyoyin bincikensu.